Yadda Ɗan Haya Zai Riƙe Ɗakinsa Bayan Ambaliya

A daren 9 wayewar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya tumbatsa ya shigo Maiduguri. Gwange, Fori, Galtimari, Shehuri, Gamboru, Kasuwar Monday, har fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa, babu inda ruwa bai leƙa ba. Rabon garin da irin wannan tun 1994. Sama da mutum 400,000 suka bar muhallansu. Wannan kowa ya gani a waya. Abin da ya biyo bayan janyewar ruwan ne ba a ɗauka a bidiyo ba: ɗakunan da suka rage a tsaye sun yi kaɗan, masu nema sun yi yawa, kuɗin haya ya tashi.

Dama garin a cike yake maƙil. Rikicin Boko Haram ya turo jama'a daga ƙananan hukumomi, kuma da aka rufe sansanonin 'yan gudun hijira na cikin gari a 2021 da 2022, har da na Bakassi, da yawan waɗanda ba su koma garuruwansu ba gidajen haya suka shiga. Su ne ruwan ya sake tayarwa.

Ƙanwata tana cikin waɗanda abin ya shafa, ita da mijinta da yara huɗu a ciki da falo a Gwange. Ranar da na je taya su kwashe laka, shatin ruwan a bango ya wuce makunnin wuta. Ta buɗe kwallar da take ajiye takardu, rasit ɗin hayar shekara uku ya dame kamar kunu. Mako uku bayan haka sai ga dillali da mai fenti, wai Alhaji mai gidan zai yi gyara, a kwashe kaya. Saura wata biyar kuɗinsu ya ƙare. Har yau suna cikin ɗakin nan, kuma abin da zan jero a ƙasa shi ne abin da muka yi, haɗe da abin da na ga ya kayar da maƙwabtansu. Da namiji nake magana don sauƙin rubutu, amma ke ma da kike riƙe da gida ke kaɗai, maganar taki ce.

Mataki na farko: kada makulli ya bar hannunka

Ba cewa nake ka koma ka kwana ba. Ginin ƙasa da ya sha ruwa yakan faɗi kwanaki bayan ruwan ya janye, ginin bulo ma idan ya tsage daga tushe ba abin amincewa ba ne. Kada ka kunna wuta sai mai gyaran wuta ya duba wayoyin. Ka lura da murfin sokawe kafin yara su taka, kuma ruwan rijiyar gidan ya gauraye da na masai, ba na sha ba ne.

Amma ka je. Da zarar hanya ta buɗe, ka je da rana, ka share, ka sa kwaɗo a ƙofarka, ka bar wani abu naka a ciki ko da gadon ƙarfe ne. Ɗakin da aka bari hanhai na wata guda shi ake cewa mai shi ya tashi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan mai gida ya ce ka ba shi makulli don magina su shiga, ka buɗe musu da kanka, ko ka ba maƙwabcin da ka yarda da shi.

A ranar kuma ka tura wa mai gida saƙon waya, kada ka tsaya kan kira kawai. Gajere ya isa: "Salamu alaikum Alhaji, ya muka ji da wannan jarrabawa? Allah ya mayar da alheri. Muna wurin 'yan'uwa na ɗan lokaci saboda ruwa. Ba mu tashi ba, kayanmu na ciki, za mu dawo da zarar ɗakin ya zaunu." Kada ka goge saƙon. Kuma ka kiyaye bakinka a majalisa. Kalmar "ni na haƙura da gidan nan" da ka faɗa cikin ɓacin rai, sai ka ji ta a bakin dillali a matsayin shaida.

Mataki na biyu: hoto kafin shebur

Kafin ka kwashe laka, ɗauki hoto da bidiyo. Ka tsaya a jikin bango a ɗauke ka da shatin ruwan, don a ga tsayinsa. Ka ɗauki katifa, buhunan abinci, keken ɗinki, firji, da duk wata tsaga a bango ko silin da ya zubo. Hotunan nan aiki biyu za su yi maka. Za su nuna asararka ga masu rabon tallafi, kuma za su raba ɓarnar ruwa da ɓarnar ɗan haya ranar da aka ce kai ka lalata ɗaki. Ka tura su wayar wani ɗan'uwa da ke wani gari.

Sai shaidar biyan haya. Idan rasit ya lalace, duba ko ta banki ka biya. Je reshen bankinka ka nemi takardar bayanin asusu ta watan da ka tura kuɗin, sunan wanda ya karɓa da ranar suna ciki. Wannan ce ta ceci ƙanwata. Idan hannu da hannu ka biya, nemo waɗanda aka yi a gabansu, dillalin da ya karɓi la'ada ko maƙwabcin ɗaki, tun abin bai shige musu ba. Ka roƙi mai gida ya sake rubuta maka rasit yanzu da ake ɗasawa. Idan takardun duk sun tafi, ana yin takardar rantsuwa a kotu a kan ɓatansu. Lambar NIN kuwa, danna *346# a layin da ka yi rajista da shi za ta fito.

Mataki na uku: sunanka ya shiga rajista da kansa

A nan aka fi cutar ɗan haya, kuma sau da yawa ba da mugun nufi ba. Masu ƙidayar ɓarna gini suke bi. Sukan tsaya a ƙofar gida su tambaya, "Gidan waye?" A faɗi sunan mai gida, su rubuta, su wuce. To gidan haya mai ɗaki goma tukunya goma ake ɗorawa a cikinsa. Idan suna ɗaya ya shiga takarda, iyali tara sun ɓace, kuma mai yiwuwa wanda aka rubuta ɗin ma ba a unguwar yake kwana ba.

Kada ka jira su zo. Ku 'yan gidan ku zauna ku rubuta takarda ɗaya: sunan kowane magidanci, lambar ɗakinsa, yawan mutanensa, lambar wayarsa, da abin da ya rasa. Bazawara ko matar da mijinta ya rasu da ke riƙe da ɗakinta, sunanta za a sa, kada a cusa ta ƙarƙashin sunan wani namiji. Ku yi kwafi uku. Ɗaya ku kai wa mai unguwa, a Maiduguri Bulama ko Lawan, domin da su ake tantance mutanen unguwa. Ku je da ladabi: "Ranka ya daɗe, mu ne 'yan hayar gidan Alhaji wane, ga sunayenmu, kada a zo rubutu ba ma nan." Ɗaya ku riƙe don ranar da jami'an hukumar agajin gaggawa ta jiha ko ta ƙasa (NEMA) ko wata ƙungiyar agaji suka shigo layinku. Ta uku a ajiye.

Wanda ya tafi sansani an rubuta shi a bakin ƙofa. Wanda ya raɓa a gidan yayarsa ko surukinsa shi ne aka fi mantawa, alhali shi ma ba shi da komai. Idan kana cikin irin waɗannan, ka sa wani a layinku ya kira ka ranar da masu rubutu suka zo, kuma ka zo da kanka. Ka duba yadda aka rubuta sunanka da lambar wayarka, harafi ɗaya da ya kauce yana iya hana kuɗi shigowa.

Ku kuma fahimci juna da mai gida tun wuri. Tallafin gini, siminti ko kwano ko kuɗin gyara, nasa ne, bangonsa ne ya faɗi. Tallafin abinci da katifa da kuɗin rage raɗaɗi na wanda ya kwana a ɗakin ne. Wannan magana a faɗe ta a gaban mai unguwa kafin kaya su iso, domin bayan sun iso ba ta faɗuwa cikin daɗi. Duk wanda ya ce ka biya kafin a sa sunanka, ko ya nemi katin cirar kuɗinka da lambar sirri, ɓarawo ne.

Mataki na huɗu: zama da mai gida

Ka tuna shi ma ruwan ya ci shi. Da yawan masu gidajen haya a unguwanninmu ba attajirai ba ne. Wani ɗan fansho ne, wata gidan gadon marayunta ne, da hayar suke ci. Idan ka shiga da faɗa, ka rufe ƙofar da ta fi kowace sauƙi. Ka fara da jaje. Ka tafi da mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, limamin layi ko dattijon da ya kawo ka gidan. Idan dillali ne ke tsakaninku, ka yi ƙoƙari ka ga mai gidan ido da ido, domin dillali da sabon ɗan haya yake samun la'ada, zamanka ba ya ƙara masa komai. Da mijin ƙanwata ya isa wurin Alhajin, sai ya tarar ko kusa bai ce a tashe su ba. Ya dai ce a duba abin da gyara zai ci.

Abu uku za ku tsayar.

Na ɗaya, watannin da ɗakin bai zaunu ba. A ce hayarka naira 240,000 ce a shekara, wato 20,000 a wata, kuma wata uku ba ka kwana a ciki ba. Kuɗin wata ukun nan 60,000 ne. Ko a ƙara maka wata uku a ƙarshen wa'adinka, ko a cire daga hayar baɗi. Yawancin masu gida sun fi son ƙarin wata, don ba kuɗi a hannunsu. Wannan ba roƙo ba ne kawai. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu, littafin Risala ya kawo cewa idan gida ya rushe kafin wa'adin haya ya cika, hayar ta warware a kan abin da ya rage. Ma'ana kuɗin haya na amfanin ɗaki ne, inda amfani ya yanke, kuɗin ragowar na ɗan haya ne. Liman ya san wannan, shi ya sa zuwa da shi ke da amfani. Idan kuma kuna da rubutacciyar yarjejeniya, ku fara karanta abin da ta ce a kan gyara da rushewa, domin ita kotu za ta fara dubawa.

Na biyu, gyara. Bango, rufi, sokawe da wayoyin wuta na mai gida ne a al'ada. Idan ba shi da hali kai kuma kana da ɗan abin hannu, kana iya yi a cire daga haya, amma da sharaɗi: ku amince da aikin da kuɗinsa kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya. Birkila ya yi ƙiyasi a gabanku ku biyu. Ka ajiye rasit ɗin kowane kaya, kuɗin lebura ma ka rubuta a littafi. Na ga wanda ya kashe kuɗinsa ya yi daɓe da fenti da baki kawai, da ɗakin ya yi kyau aka ce ai yanzu kuɗinsa ya ƙaru.

Na uku, hayar shekara mai zuwa. Ka nemi a bar ta yadda take na shekara guda. Idan ba zai yiwu ba, a faɗi adadin ƙarin yanzu, kuma a yarda ka biya kashi biyu ko uku. Mai sana'ar da jarinsa ya tafi da ruwa ba zai iya haɗa kuɗin shekara a dunƙule ba, kuma aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi.

Duk abin da kuka tsayar, a rubuta. Warƙa ɗaya ta isa, da Hausa, da boko ko ajami: sunayenku, gida da ɗaki, watannin da aka ƙara, wanda zai yi gyara da ranar gamawa, ranar da za ka dawo, kuɗin baɗi. Ku sa hannu, shaidu biyu su sa, kowa ya ɗauki hotonta. Idan Alhaji ya ce, "Haba, ba ka yarda da ni ba ne?" ka ce, "Baba, ba don kai ba ne, don rai da ajali ne." Magada ba su san alkawarin baki ba.

Mataki na biyar: idan an ce ka tashi

Ka san haƙƙinka. A dokokin karɓar gida daga ɗan haya da ake aiki da su a yawancin jihohin Najeriya, idan yarjejeniyarku ba ta faɗi wani wa'adi daban ba, mai biyan mako ana ba shi notis na mako ɗaya, mai biyan wata na wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku na wata uku, mai biyan shekara na wata shida. Bayan notis ya cika, sai a sake ba shi takardar kwana bakwai da ke sanar da shi cewa mai gida zai je kotu. Daga nan sai shari'a. Alƙali ne kaɗai ke ba da umarnin fitar da mutum, ma'aikatan kotu ne kuma ke zartarwa. Ambaliya ba ta soke ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Saboda haka mai gida ba shi da ikon ɓalle ƙofarka, ko cire kwanon ɗakinka, ko watso kayanka waje, ko turo maka matasa. Idan aka yi haka, kada ka ɗaga hannu, kada ka bari yaranka su ɗaga. Ɗauki hoto, kira shaidu, kai rahoto ofishin 'yan sanda a kan ɓarnar da kutsen. Rikicin haya shi kansa ba aikin ɗan sanda ba ne, kuma ba shi da hurumin ba ka wa'adin tashi.

Idan an kawo maka takarda, karɓa, rubuta ranar da ta zo, kada ka sa hannu a kan abin da ba ka karanta ba. Idan sammaci ne, ka halarta, rashin zuwa shi ke sa a yanke hukunci a bayan idonka. Ba ka da kuɗin lauya? Hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa, Legal Aid Council, tana da ofis a manyan biranen jihohi, haka Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ga kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da ke tsaya wa mata da yara. Ka je da hotunanka da takardar banki da saƙonnin waya.

Abu ɗaya da ke karya ɗan haya a gaban alƙali shi ne bashin haya. Kada ka daina biya don fushi. Idan lokacin biya ya yi mai gida ya ƙi karɓa, tura ta banki, ko ka kai a gaban shaidu, kuma kada ka taɓa kuɗin.

Wani lokaci da gaske ginin ba zai zaunu ba sai an sauke shi. A nan kada ka yi taurin kai da ran iyalinka. Ka nemi ragowar kuɗinka, da rubutaccen alkawari cewa kai za a fara yi wa tayi idan an gama.

Mataki na shida: idan dole sai sabon ɗaki

Lokacin ƙarancin gidaje kasuwar 'yan damfara ke ci. Kada ka ba da ko sisin kafin alƙalami sai ka shiga ɗakin da ƙafarka, ka ga mai gidan, ka tambayi maƙwabta ko nasa ne kuma ko ba a riga an ba wani ba. Sabon fenti yakan ɓoye shatin ruwa, don haka duba bayan gida da katangar maƙwabta. Idan kuɗin ya fi ƙarfinka, iyali biyu da suka saba suna iya haɗa kuɗi su kama gida ɗaya na shekara, amma sunan kowa ya shiga rasit. Ka kuma yi lissafin kuɗin Keke Napep kafin arhar bayan gari ta ruɗe ka. Ɗakin da ya raba ka da kasuwarka, ya raba yara da makarantarsu, yakan fi tsada a ƙarshen wata.

Mataki na bakwai: abin da mutum ɗaya ba zai iya ba

Ɗan haya ɗaya ana iya tayar da shi cikin dare ba wanda ya ji. Gida guda da suka haɗa baki, da wuya. Ku 'yan layi ku zaɓi mutum uku, a ciki har da mace, su riƙe rajistar 'yan haya, su raka duk wanda aka kawo wa takarda. Ku roƙi limamin Juma'a da shugabannin coci su yi magana a kan ƙarin haya a lokacin musiba. Ku roƙi mai unguwa ya tara masu gidaje a yi matsaya a fili cewa ba ƙari ba kora na wani adadin watanni. Mutum yana jin kunyar saɓa abin da ya amsa a gaban sa'o'insa.

Akwai kuma abin da ya kamata mu riƙa nema a wurin 'yan majalisar jiha, don wasu wuraren sun riga sun yi. A jihar Kalifoniya ta Amurka, da zarar an ayyana dokar ta-ɓaci saboda bala'i, doka ta hana ƙara kuɗin haya fiye da kashi 10 cikin 100, ta kuma hana korar ɗan haya don a ba wani a farashi mafi tsada. Da ita aka yi aiki bayan gobarar Los Anjeles a Janairun 2025. Mu ma muna buƙatar irinta, tare da abu biyu: takardar ƙidayar ɓarna ta kasance da gurbin 'yan haya daban, kuma a ware tallafin kuɗin haya kamar yadda ake ware na gini. A ganina rabin matsalar a wannan gurbin take. Ruwan da ya ci Hadeja da Ringim a 2022, da wanda ya afka wa Mokwa a ranar 29 ga Mayu, 2025, da wanda ya yi ɓarna a Maraɗi da Damagaram a daminar 2024, duk ya nuna cewa maganar ba ta Maiduguri kaɗai ba ce.

Kafin damina ta sake zagayowa

Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA kuma tana fitar da jerin wuraren da ke cikin haɗarin ambaliya, gidajen rediyo suna karantawa da Hausa. Ka saurara ko ƙaramar hukumarku na ciki. Daga yanzu ka riƙa biyan haya ta banki, ko ka karɓi rasit nan take ka ɗauki hotonsa. Ranar sabunta haya ka nemi a ƙara layi biyu a yarjejeniya: idan ruwa ko gobara ta hana zama, watannin ba sa cikin lissafi, kuma ɗakin naka ne bayan gyara. Lokacin da rana ke haskawa ba mai gidan da ke ƙin sa hannu a kan wannan.

Takardun asali kuwa, ka naɗe su a leda biyu, ka sa a robar da ke da murfi, ka rataye a ƙusa kusa da silin, inda hannu zai kai cikin duhu. Na ƙanwata yanzu a can suke, saman ƙofar ɗaki, kwafinsu kuma yana wayata da ta yayanmu da ke Kano.